Kwano Mai Jan Fenti

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Sahabi. Ciwon daji na huhu ne ajalinsa, lokacin cirar albasa, yana da shekara hamsin da uku. Kafin mu san sunan ciwon, na raba kwano da shi wata biyar. Abin da ya faru ke nan. Sauran duk bayani ne.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ina faɗa ne, ɗiyarsa Balkisu tana rubutawa. Na ce mata kada ta gyara mini magana, kada kuma ta rage inda na yi laifi.

Sunana Bawa. Mu mutanen Jiga Birni ne, ƙasar Aliero, kuma albasa muka gada. Ina da shekara goma sha ɗaya tarin fuka ya shiga gidanmu. Ya ɗauki babanmu, ya ɗauki innarmu, ya ɗauki ƙannena mata biyu, duk cikin shekara biyu. Saura ni da Sahabi, yana ɗan shekara huɗu. Na goya shi a baya har Alelu, gidan kawunmu. A daren farko matar kawu ta zuba mana tuwo a kwano ɗaya. Daga ranar ban ƙara cin tuwo ba sai da hannunsa a cikin kwanon. Mun girma, mun koma Jiga Birni, mun yi aure, mun haifa, gida ɗaya. Matanmu su dafa, a haɗa a kwano ɗaya, a kawo mana zaure.

Ba mu yi kama ba. Ni ba ni da magana, shi kuma bakinsa ba ya hutawa. 'Yan kasuwar Jega sukan ce Sahabi ke sayar da albasa, Bawa ke hararar mai saye. Yana da wata al'ada tun muna yara. In an ajiye tuwo, sai ya sa yatsa ya ja layi a tsakiya, ya ce, "Yaya, ga iyaka. Nan ƙasar Jega, tawa, nan ƙasar Aliero, taka. Kowa ya tsaya ƙasarsa." Kafin loma ta uku ya ƙetare iyaka ya ɗauke naman da ke ɓangarena. Har ya yi furfura bai daina ba. Ni kuma ban taɓa yi masa dariya ba, ban kuma taɓa hana shi naman ba.

Wanda bai san albasa ba, ba zai gane kuskurena ba, don haka bari in faɗi yadda muke aiki. In mun cire albasa ba ma sayarwa duka. Mukan kafa rudu, wato gado na kara da itace da aka ɗaga daga ƙasa aka yi masa rufin ciyawa, mu shimfiɗa albasar a kai ta jira lokacin tsada. Duk mako sai ka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ka danna wuyanta da babban yatsa, ka shinshina. Wadda wuyanta ya yi laushi, ka cire ta ka kai nesa. Ba a tausayin albasa ɗaya, don ita za ta cinye rudun. Wannan shi ne karatun da na iya. A ƙasar nan ba a fi ni iya shi ba.

Sahabi ya fara tari kafin cira. Muka ce sanyin fadama ne. Ranar da muka gama ɗora albasa a rudu, ya yi tari ya tofar, na ga jini a kan lawashi. Ya sa ƙafa ya rufe da ƙasa. Ya ɗauka ban gani ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Ni jinin babanmu na gani. A gidan akwai yara goma sha ɗaya, nawa da nasa.

Washegari na kafa bukka kusa da rudu, a bakin fadama. Na shaida wa mutanen gari cewa Sahabi zai yi gadin albasa bana, ɓarayi sun yi yawa. Na ɗauko kwano da moɗa, na sami ragowar jan fentin da muka shafa wa ƙofa, na shafa a gindinsu don kada su haɗu da na gida. Ya zo ya same ni fentin bai bushe ba.

"Yaya, mi na wanga?"

"Kwanonka."

"Ni da nike da kwano tun ina ɗan shekara huɗu?"

"Akwai yara gidan."

Ya daɗe yana duban kwanon. Sannan ya taɓa wuyansa da babban yatsa, kamar yadda muke yi wa albasa, ya ce, "To, an danna an ji laushi ke nan. Ai ko ni, haka zan yi." Ya yi dariya. Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Za a ce me ya hana mu asibiti. Abu biyu. Na ɗaya, a sanina tarin fuka ba shi da magani, don na ga ya kama mutum huɗu bai bar ko ɗaya ba. Na biyu, tsoron suna. A wurinmu in aka ce wane na da tarin fuka, ba mai karɓar albasa daga hannunsa, a sahun masallaci ma sai a bar masa fili, a kuma daina aiko yara gidansa ɗibar wuta. Na ga an yi mana haka muna ƙanana. Sai na zaɓi ɓoyo. Na sayo sassaƙe da zuma, na karɓo rubutu, ina aika masa.

Damina ta same shi a bukkar nan. Kullum ina zuwa duba rudu, in tsaya nesa da shi kamar taku goma. Shi kuma yana zaune a ƙofar bukka yana ba ni labarin abin da kwaɗi suka ce, da wace kurciya ta yi sabon miji. Yana ramewa ina gani. Da yamma in koma zaure a ajiye mini tuwo, ba layi a tsakiya, nama yana nan inda aka sa shi. Ban taɓa iya cinyewa ba. Amma ban sauya ra'ayi ba. Na ɗauka ƙarfin hali nake yi. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni na yanke nawa, bai ma ruɓe ba.

Yau in ka je wurin, ba bukka ba rudu. 'Ya'yanmu sun kafa faifan sola guda shida suna jan ruwa ba tare da fetur ba. Nakan tsaya in yi tunanin abin da Sahabi zai ce. Shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan igiyar injin ban ruwa yana yi masa zambo. Na san zai ce, "Yaya, ashe rana ma an same ta da aikin yi, ba ƙona ƙeya kaɗai ba." Ina jin muryarsa sarai. Ba abin da ke sa ni kewarsa kamar sabon abu, don ba wanda zai raɗa masa suna.

Matarsa ce ta karya ni. Luba, 'yar Maiyama. Ita ke kai masa abinci safe da yamma a kwanon nan. Shekara ashirin da wani abu tana gidanmu, ba ta taɓa haɗa ido da ni ba, kamar yadda matar ƙane ke yi wa wan miji. A wata na biyar, da hantsi, ta durƙusa a bayan ƙofar zaure.

"Yaya, ina da magana."

"Ina ji."

"Wata biyar ke nan, duk hurar da ya rage ni ka shanyewa, da moɗarsa. Da gangan. In tarin huka na, ina nawa?"

Washegari na ɗauki hayar mota muka kai shi Jega. Aka karɓi kakinsa sau biyu, ba a ga ƙwayar tarin fuka ba. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga wani duhu a huhun dama, girman ƙaramar albasa. Aka ba mu takarda zuwa babban asibiti a Sakkwato.

Likitan da muka samu can dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya tambayi Sahabi ko yana shan sigari. Sahabi ya dube ni, ya dubi ƙasa. Shekara talatin yana sha a bayan rudu, yana tauna ganyen albasa don kada in ji wari. Shekara talatin ina sane. Na tashi na ce zan je in sha ruwa, na fita, don ya samu ya faɗi gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ba dole ne wanka ya zama a gaban yaya ba.

Aka ɗebi jininsa a 'yan kwalabe. Bayan kwanaki muka koma, likita ya ajiye takarda a gabanmu. Ya ga ba mai karatu a cikinmu, sai ya ture ta gefe ya yi mana bayani da baki. Ya ce ciwon daji in ya zauna a jiki, yakan zubar da wasu abubuwa cikin jini. Kowane mai rai yana da ɗan kaɗan daga cikinsu. In sun yi yawa fiye da ƙima, alama ce. Ya ce akwai irinsu uku ko huɗu da ake dubawa saboda huhu, kowanne da sunansa na boko, kuma wanda ya hau a cikinsu yakan nuna wa likita irin dajin da zai yi zato. Na Sahabi biyu sun hau sosai.

Na ce, "To daji ne ke nan."

Ya ce a'a, ba a yanke hukunci da wannan kaɗai. Mai shan sigari nasa kan ɗan hau ba tare da daji ba. Mai ciwon ƙoda ko hanta ma haka. Wani kuma yana ɗauke da dajin amma jininsa bai nuna komai ba. Alama ce ta cewa a ƙara dubawa. Sai an ɗauki babban hoto, an kuma tsinko 'yar tsoka daga wurin an duba ta, sannan a kira sunan ciwo.

Sahabi ya gyara zama. Ya ce, "Likita, ai sana'armu ce kake yi. Laushin wuya ba shi na ruɓa ba. Wata wuyanta da laushi, ka yanka ka iske ta garau. Wata kuwa ƙam take, ciki ya mutu. Sai an sa wuƙa."

Likita ya ce, "Malam Sahabi, ka fi ɗalibaina saurin ganewa."

Ina zaune ina jin su. Shekara hamsin ina danna wuyan albasa, kuma na san abin da Sahabi ya faɗa gaskiya ne. Amma ban taɓa sa wuƙa in tabbatar ba. Albasa tana da yawa, in ka yar da mai kyau ɗaya ba ka yi asara ba. Ƙane kuwa ɗaya gare ni.

Aka tsinko tsokar. Sakamako ya fito, daji ne, kuma ya riga ya taɓa wani wurin. Tambaya biyu na yi, su ne kawai maganar da na yi a ɗakin ranar.

"Ana ɗauka?"

"Ba a ɗauka. Ko ta kwano, ko ta moɗa, ko ta numfashi."

"Da mun zo wata biyar da suka wuce fa?"

Ya dube ni kafin ya amsa. Ya ce, "Da mun fi samun abin yi. Amma ba zan ce maka da ya warke ba. Wannan Allah ya bar wa kansa sani." Bai yi mini ƙarya don in ji daɗi ba, bai kuma ɗora mini abin da bai tabbatar ba. Har gobe ina yi masa addu'a.

Mun iso gida da la'asar. Da muka sauka daga mota, Sahabi ya juya ya kama hanyar fadama. Ƙafarsa ta saba.

"Ina za ka?"

"Wurin gadi, Yaya."

"Shiga zaure."

Na aika wa Luba cewa ta zubo tuwo a kwano mai jan fenti, kuma shi kaɗai za a kawo. Ta kawo, ta ajiye, ba ta tafi ba, tana bayan ƙofa. Na wanke hannu na fara sawa. Na yi loma ɗaya, na yi biyu. Sahabi yana kallona bai motsa ba. Can ya wanke hannu, ya miƙo yatsa, duk ya zama ƙashi, ya ja layi a tsakiyar tuwon.

"Nan Jega, nan Aliero. Yaya, wata biyar ba ni nan, ka cinye man ƙasa."

Ya ɗauke naman. Bai iya haɗiye shi ba, ya riƙe a hannu har muka gama. A bayan ƙofa na ji Luba tana jan hanci.

Gwajin jinin nan bai ceci ransa ba, ba zan yi wa kowa ƙarya ba. Amma shi ne ya fara buɗe ƙofar da ta dawo mini da ƙanena zaure. Wata bakwai muka ƙara ci tare.

A watannin nan muna zuwa Sakkwato duk bayan mako uku, a sa masa magani ta ƙarin ruwa. Lokaci lokaci a sake ɗibar jinin a ga ko alamomin sun sauka, don ta nan ma ake gane ko magani na ci. Da farko sun sauka. Sahabi ya shiga gari yana cewa lambar jininsa ta faɗi warwas kamar albasa ranar cira, a taya shi murna, shi kaɗai ne manomin da ke son faɗuwar kasuwa. Ya yi ƙiba kaɗan, har ya je ya tsaya a kan masu dashe yana yi musu tsiya. Daga baya alamomin suka sake hawa. Ranar bai yi wasa a gaban likita ba. Sai a mota, mun kusa Jega, ya ce, "Yaya, kaya sun yi tsada. Lokacin sayarwa ya yi."

Sau ɗaya na yi ƙoƙarin neman gafararsa. Saura kwana kaɗan ya rasu, da safe, an fito da shi zaure ya sha iska. Lokacin loma biyu yake yi ya janye hannu, ni kuma in janye nawa.

Na ce, "Sahabi, watannin nan biyar..."

Ya ɗaga hannu. "Kai da ka goya ni har Alelu? Hidda wata biyar cikin shekara hamsin ka ga abin da ya rage." Ya huta, numfashi na yi masa wuya. Sannan ya ce, "Ni na yahe tun ranar da kake shahwa fentin. Na ga hannunka na rawa."

Ban san ya gani ba.

Shekara tara, abubuwa sun sauya, wasu kuma suna nan. Yanzu a Jega ma akwai wuraren gwajin jini, kuma har a majalisa nakan ji ana cewa akwai gwajin da ke nuna daji. Ni ma na taɓa ce wa likitan nan ya ɗebi nawa ya duba. Ya ce ba a yi gwajin don mai lafiya ya je farautar ciwo ba, zai iya tsorata ka a banza, ko ya kwantar maka da hankali a banza. Ya ce in tari ya wuce mako biyu zuwa uku, ko ka ga jini, ko kana ramewa ba dalili, ka zo a duba ka gaba ɗaya. Abin da nake faɗa wa mutane ke nan. In an ba ka takarda aka ce lamba ta hau, kada ka sayi likkafani. In an ce ba ta hau ba kuma tari bai tsaya ba, kada ka koma gida ka kwanta. Ka bari a sa wuƙa.

Abin da bai sauya ba shi ne ɓoyo. Bara na lura maƙwabcina Manu ya daina fitowa masallaci. Na shiga gidan ba tare da an gayyace ni ba. Na same shi a ɗakin baya, taga a toshe, kwanonsa daban, an ɗaura wa kwanon tsumma don a gane shi. 'Ya'yansa suka fara yi mini bayani. Na ce na san bayanin, ni na fara shi a unguwar nan. Na ɗora shi a babur sai Jega. Nasa tarin fuka ne na gaske. Ya sha ƙwayoyi wata shida, bana shi ya riga ni gama dashe. Ma'aikaciyar da ke ba shi magani ta ce ko tarin fukar ma a iskar ɗaki yake tafiya, ba a kwano ba. A buɗe taga, a rufe baki in za a yi tari, a sha magani kada a tsallake.

Na dawo gida ranar na zauna na auna. Da ciwon Sahabi tarin fuka ne, yana da magani, ni na hana shi. Da yake ba shi ba ne, ba dalilin ware shi. Ta kowace hanya ka bi, kuskure na yi. Rashin sani ya fi dare duhu, amma mafi duhu shi ne ka san abu ɗaya da kyau ka ɗauka ya isa komai. Da Sahabi na nan ya ga Manu a bayan babur ɗina yana tari a ƙeyata, da ya ce, "Yaya, ka tsufa ka lalace, yanzu kai ka ɗauko ruɓaɓɓu kana kawowa gida." Kuma da ya ji daɗi.

Me ya rage na Sahabi? Gonarsa 'ya'yansa na nomawa. Luba tana ɗakinta, ta ƙi komawa Maiyama, kuma yanzu takan dube ni ido cikin ido in za ta faɗa mini gaskiya, na kuwa ba ta wannan. Barkwancinsa yana yawo a kasuwar Jega a bakin mutanen da ba su san mai shi ba. Manu yana da rai. Ban iya lissafin lada ba, amma ina roƙon Allah ya rubuta wannan a littafin Sahabi, don da bai zauna a bukkar nan ba, da ban shiga ɗakin Manu ba.

Kwanon yana nan. Fentin ya koɗe, sai ka juya shi ka duba da kyau. A cikinsa ake zuba mini tuwo. Duk wanda Allah ya kawo zaure da yamma, baƙo ko na gida, mai tari ko mai lafiya, a nan zai sa hannu. Ba na jan layi, ba nawa ba ne.

Sahabi yana kwance a maƙabartar Jiga Birni, gefen gabas, kusa da babanmu. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara. Ni ina zaure, shekara saba'in da ɗaya, ina ci daga ɓangaren Aliero. Ƙasar Jega ina bar masa.